Banɗakin Mama Saraya

Duk wanda ya hango ni ina bin bayan tsohuwa, na riƙe ta da ɗamara muna auna tsakar gida a hankali, sai ya ɗauka aikin banza nake ci da shi. Ku ma da kuka zo koyo haka kuka ɗauka, na gani a fuskokinku tun ranar farko. Har wata a cikinku ta ce, "Anti Ladi, ashe raka tsofaffi yawo ne kawai." Ban ji haushi ba, don ni ma na taɓa faɗin abin da ya fi wannan. Amma ku gyara zama ku ji, don ranar da tsoho zai sulale a hannunku ba za ku sami lokacin tambaya ba.

Ta ƙofar shara na shiga aikin nan. Ina goge daɓe ne a sashen gashin ƙashi na wani asibiti a nan Jalingo, inda wani mutumin kudu, Mista Okon, yake likita. Ya lura cewa duk lokacin da tsofaffi suka ƙi jin maganarsa, idan na sa baki da Mumuyanci ko Fulatanci sai su bi. Wata rana ya karɓe tsintsiyar daga hannuna. Ya ɗauko tsohon tabarau ya shafe gilashin da man basilin ya ɗora mini, ya ɗaura mini jakunkunan yashi a idon sawu, ya tsayar da ni a kan katifa, sannan ya miƙo mini kofin ruwa.

"Ladi, yanzu kai tsoho ne," ya ce da Hausarsa ta kasuwa. "Tafi ƙofa. Ruwa kada ya zuba."

Ina dariya na ɗaga ƙafa, kafin na sauke ta dariyar ta ɗauke. Ƙasa ta gudu, ƙofa ta zama hazo, na rungumi bango ruwan ya wanke mini gaban riga. A ranar ya koya mini cewa abubuwa uku ke riƙe da mutum a tsaye: idonsa, tafin ƙafarsa, da wani abu can cikin kunne. Tsufa yana yi wa kowanne sata kaɗan-kaɗan, mai jikin bai sani ba sai ranar da ya ji shi a ƙasa. Na yi shekaru a ƙarƙashinsa kafin ya yi ritaya ya koma gida. Bai taɓa yaba mini ba, iyakarsa ya ce, "Ba laifi," ni kuwa sai in wuni ina murna.

Kayan aikina kun gan su, duk suna shiga jaka ɗaya. Ɗamarar nan da zane na ɗinka ta, ninki uku, don in tsoho ya tafi luu ba hannunsa ake kamawa ba, ƙugunsa ake riƙewa ta baya. Kama hannu shi ke gurɗe musu kafaɗa. Akwai robar tayar keke ta ja da ƙafa, akwai guntun katifa na tsayuwa, akwai gawayi na zana layi a ƙasa. Kujera kuwa a gidan nake nema, mai tauri mai hannu, ba irin kushin ɗin da ke haɗiye mutum ba. Amma kafin in buɗe jakar, gidan nake fara dubawa: silifas da ya cinye ta gefe ɗaya, bakin tabarma da ya naɗe, dokin ƙofa, zanen da ke jan ƙasa, ƙwan lantarkin da ya mutu ba a canza ba. Ina tambayar maganin da ake sha, don akwai na hawan jini da ke kawo jiri in an miƙe da sauri, wannan kuwa sai a koma wa likita. Ina leƙa ido in ga ko yanar ido ta rufe shi. Har farcen ƙafa nake dubawa, kada ku ce ƙazanta ce.

Akwai Baffa Hammadu, wani tsohon makiyayi daga wajen Lau, da 'ya'yansa suka kawo shi unguwar Yelwa bayan ya faɗi a bakin masallaci. Mutumin da tun yarinta sanda ba ta rabu da shi ba, amma a kafaɗa take kwana, ya rataya hannuwa a kanta. Na ce ya sauke ta ƙasa ya dogara. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Walaa, a'a! Ni na zama makaho ne?" Na yi lallashi har na gaji. Sai wata rana na tambaye shi yadda yake yi in zai tsallaka rafi da shanu. Ya ce ai sai ya tura sanda gaba ya ji zurfin kafin ya sa ƙafa. Na ce to, Baffa, titin Jalingo rafi ne, ramukansa ma sun fi na rafin yawa. Ya yi dariya har da tari. Tun daga ranar sandar ta sauka, muka sa mata roba a gindi, kuma duk wanda ya tambaye shi sai ya ce titi yake aunawa.

Shekarar da ta fi ci mini rai ita ce ta korona. Aka ce tsofaffi su ne a gaba wajen haɗari, gaskiya ne kuma, sai kowane gida ya kulle nasa a ɗaki. Ba coci, ba masallaci, ba kasuwa, ba zuwa gaisuwa. Ni ma ba a bari in shiga ko'ina, na koma soya ƙosai a ƙofar gida. Da aka buɗe gari na zagaya mutanena, sai na tarar da abin da ya sa ni kuka. Waɗanda na bari suna tafiya gona da ƙafarsu, na same su ba sa iya tashi daga kujera sai an ja su. Cutar ba ta taɓa su ba, zama ne ya cinye musu cinyoyi. Da yawa a cikinsu ba su sake miƙewa ba, kuma duk da ƙauna aka yi musu haka.

Ba a daɗe da wannan ba aka kira ni gidan Mama Saraya a Mayo Gwoi. Ɗanta Bitrus, ma'aikaci a sakatariya, shi ya zo har gida ya same ni. Ya ce uwarsa ta zame a tsakar gida, an kai ta asibiti an ɗauki hoto, babu ƙashin da ya karye, amma ta kwanta ta ƙi tashi. Mama Saraya ba ɓoyayyiya ba ce a unguwar. Ita ce mai kiɗa da tulu in ana waƙa a zumuntar mata ta cocinsu, mace mai baki, wadda ko fasto yake shakkar ta. Na same ta ta juya fuska ga bango, ta rame, har ta gaya wa surukarta Hannatu waƙoƙin da za a rera a jana'izarta. Na duba ƙafafunta na san lokaci ya ƙure mana. In ta ƙara wasu makonni a gadon nan, ƙarfin tashi zai tafi, bayansa sai gyambon kwanciya da ciwon ƙirji, daga nan sai waƙoƙin da ta zaɓa.

Na yi duk abin da na iya. Na sa ta motsa ƙafa a kwance, na zaunar da ita a bakin gado, na kawo kujera. Tana bi, amma kamar wadda ake yi wa aski da dole. In na ce, "Mama, tashi," sai ta ce, "Ɗiyata, kina wahala a banza." Abin ya ɗaure mini kai, don ƙarfi akwai saura a jikinta, na ji shi lokacin da ta ture mini hannu.

Wata safiya na iso da wuri, na tarar Hannatu tana fitowa daga ɗakin da babban baho da soso, idonta ja. A ɗaki ake yi wa Mama wanka ke nan. Na shiga na ga tsohuwa ta ja zane ta rufe har kanta. Da na zauna sai na ji muryarta daga cikin zanen, da irin Hausarta mai haɗa namiji da mace.

"Matan ɗana ya ga tsiraicina, Ladi. Kowace safiya. Yarinya ba shi da laifi, yana yi da hankali, amma gara Yesu ya ɗauke ni yau."

Na ce, "To Mama, me ya hana mu kai ki banɗaki ki zauna a kujera ki yi da kanki?"

Sai ta yaye zanen ta zuba mini ido. "Ba su gaya maki ba? A can ne na faɗi."

Nan na gane komai. Ku 'yan garin nan ne, kun san abin da ake faɗa: wanda ya faɗi a banɗaki ba zamewa ya yi ba, ture shi aka yi, kuma ba ya ganin ƙarshen shekara. Musulmi na faɗa, mu ma Kirista muna faɗa, kowa da sunan da yake ba mai turewar. Shi ya sa gidan suka ce tsakar gida, don kada maganar ta fita unguwa a fara zuwa yi musu sannu irin ta mutuwa. Mama kuwa ba ji ta yi ba, gani ta yi. Mijinta a banɗaki ya faɗi bai kwana biyu ba, yayarta ma haka. Ba za ka zo wa irin wannan mata da dogon Turanci ba. Ni kaina da wannan tsoron aka raine ni, har yau in na shiga banɗakin da ban sani ba sai na yi addu'a.

Na ce a nuna mini wurin. Hannatu ta ɗauko mabuɗi, don kwaɗo suka sa wa ƙofar. Banɗaki ne mai kyau, Bitrus ya gina wa uwarsa shi jikin ɗakinta, ya shimfiɗa farin tayil mai sheƙi har bango don ya faranta mata. Ina sa ƙafa ɗaya ta tafi, ba don na cafki ƙofa ba da ni ma an zaɓa mini waƙoƙi. Na duƙa na shafa ƙasan, na ji maiƙo.

"Hannatu, mene ne wannan?"

"Man shafewa ne, Anti. Matan zumunta sun zo sun yi addu'a, sun zuba a kowane lungu don abin ya fita. Ni ma ina ƙarawa ran Lahadi."

Na rasa dariya zan yi ko kuka. Man zaitun a kan tayil! Amma na dubi fuskar yarinyar na ga iyakar ƙoƙarinta ke nan, sai na haɗiye abin da ya zo mini baki. Na ce addu'a ba za mu daina ba, sai dai man nan daraja gare shi, bai kamata a riƙa taka shi da ƙafa ba, a shafa shi a saman ƙofa inda zai tsare mai shiga da mai fita. Ta ce wallahi haka ne, ba ta yi wannan tunanin ba. Muka kwashi toka da omo muka wanke ƙasan har hannunmu ya yi fari.

Da yamma na zauna da Bitrus na gaya masa abin da nake so. Mai walda ya zo ya kafa bututun ƙarfe a bango, ɗaya a tsaye kusa da ƙofa, ɗaya a kwance daidai ƙugu. Aka shimfiɗa tabarmar roba mai kaushi, aka sa benci mai nauyi wanda ba ya gocewa, aka ɗaga wurin ajiye bokiti da sabulu don kada ta riƙa duƙawa. Na sa aka juya ƙofar ta riƙa buɗewa ta waje, aka cire sakata. Wannan yana da dalili. Yawancin waɗanda banɗaki ya kashe, ba faɗuwar kaɗai ba ce. Mutum yana shi kaɗai, tsirara, ƙofa a kulle, kunya ta hana shi kira, sai ya daɗe kwance cikin ruwan sanyi. Wani kuma ciwon ne ya fara buge shi kafin ya faɗi, banɗakin ya ɗauki laifi.

Ban yi gardama da Mama a kan wanda ya ture ta ba. Na ce mata, "Mama, ni ban san ranarki ba, ke ma ba ki sani ba. Amma daga yau zuwa ranar, wa kike so ya riƙa yi miki wanka?" Ta dubi ɗamarar da ke hannuna ta ce, "Kawo wannan igiyan naki."

Daga nan aiki ya kama. Tashi da zama a kujera, da farko da hannu biyu, sannan ɗaya, sannan ta rungume ƙirji ta miƙe da ƙarfin cinya. Tsayuwa a bayan kujera tana ɗaga dunduniya. Tafiya a kan layin gawayi, dunduniya na taɓa yatsu, tana zagina da Mumuyanci tana zaton ba na ji. Tafiyar gefe a jikin bango. Daga baya na ɗora ta kan katifa, na riƙa kiran sunanta ta dama da hagu don ta saba juya kai ba tare da ƙafa ta rikice ba. Wata rana ci gaba, wata rana ta ƙi ko kallona. Seɗɗa-seɗɗa, in ji Fulani, wato sannu-sannu, har ta fara fita ƙofar gida shan iska.

Abin da ya fi wuya shi ne koya mata tashi daga ƙasa. Ku riƙe wannan: duk iyawarku ba za ku hana tsoho faɗuwa har abada ba, don haka dole ya san hanyar dawowa. Amma kafin ka koya wa mutum tashi sai ka kai shi ƙasa, ƙasar kuwa ita yake tsoro fiye da komai. Ranar farko da na sauke ta kan tabarma ta riƙe rigata har maɓalli ya tsinke. Ni ma na kwanta kusa da ita muka yi tare. A tsaya tukuna a ji jiki, ko akwai inda ke zafi. A mirgina gefe. A hau gwiwa da hannu. A rarrafa zuwa abu mai ƙarfi, a kafa ƙafa mai ƙarfi a gaba, a miƙe, a juya a zauna. Muka yi ta yi a ɗaki, sannan a tsakar gida, sannan na ce saura cikin banɗaki, da kaya a jiki, ƙasa a bushe. Ta tsaya a bakin ƙofar tana addu'a har na gaji da tsayuwa, sannan ta shiga.

Ranar da za ta fara wanka ita kaɗai Asabar ce, da hantsi, Bitrus yana gida. Hannatu ta kai ruwan zafi ta fito. Mama ta shiga da zanenta, ta juyo ta dube mu mu uku a jere.

"Me kuke kallo? Sinima ne?"

Ta ja ƙofa. Muka ji ƙarar moɗa, muka ji ruwa na zuba, har ta fara ɗan rera waƙa ƙasa-ƙasa. Hannatu ta kama hannuna ta matse. Ana cikin haka sai muka ji tim, benci ya daki bango, moɗa ta gangara. Waƙar ta yanke.

Bitrus ya yi tsalle ya nufi ƙofa yana kiran, "Mama! Mama!" Na riga shi, na tare da jikina na riƙe mariƙin. Ba sakata, ja ɗaya zan yi in shiga, kuma da ba ta amsa ba da na shiga. Na kara baki jikin ƙofa.

"Mama, kina ji na?"

"Ina ji."

"Kin bugi kai?"

"A'a. Na miƙa hannu in ɗauki soso, na zame daga benci. Ina ƙasa."

"Ƙugu fa? Motsa ƙafa ki ji."

"Yana motsi. Ɗuwawu ne kawai."

"In shigo?"

"Wanda ya buɗe ƙofan nan ban yafe ba."

Bitrus ya ce, "Anti Ladi, don Allah matsa, uwata ce fa!" Na ce masa na sani, ya ba ta lokaci kaɗan, in ta kira ni zan fi shi sauri. Gaskiya tsoro ya cika ni. Na san in lissafina ya kuskure ba ni da bakin da zan kalli gidan nan. Amma na kuma san in muka faɗa ciki mu uku muka ɗauko ta tsirara a gaban ɗanta, gadon nan za ta koma, kuma ba mai sake tayar da ita.

Sai muka fara jin ta tana yi wa kanta magana, kamar mai koya wa yaro. "Gefe, Saraya." Numfashi. "Gwiwa." Muka ji tafin hannu a kan roba, muka ji zoben hannunta ya daki ƙarfe ƙwal. Sannan wani dogon nishi, sannan benci ya yi ƙara alamar an zauna. Ba wanda ya yi motsi a cikinmu. Can sai ruwa ya ci gaba da zuba.

Bitrus ya zame jikin bango ya tsuguna, ya rufe fuska da hannu yana kuka, babban mutum mai gemu. Ni kuwa na jawo kujerar da muke motsa jiki da ita na zauna.

Ta ɗauki lokacinta, ba ta yi sauri don kowa ba. Da ta turo ƙofa ta fito, ta ɗaura zane a ƙirji, ruwa na ɗiga daga furfurarta, hannu ɗaya a kan ƙarfe. Na duba ta daga kai har ƙafa, ba komai sai ɗan ƙujewa a gwiwar hannu. Ta dubi ɗanta a tsugune, ta dubi ni, sannan ta juya ga surukarta.

"Hannatu, ruwan ya huce saboda surutunku. Gobe ki bar shi, ni zan ɗora da kaina."